Injin Jirgin Ruwa a Zaurenmu

Shekarar da maigidana ya ajiye aikin gwamnati, jirgin ruwa ya sayo. Har yanzu in na soma ba mutum wannan labari sai ya tsayar da ni ya ce, "A Tudun Wada?" Ni kuwa in ce masa eh, a Tudun Wadar Zariya, a layinmu da ko ruwan kwata ba ya tafiya sai an kora shi da tsintsiya.

Malam, maigidan nawa, makanike ne, injunan tura ruwa ya yi ta gyara tun yana saurayi. Wani abokinsa ne ya kai shi bakin dam ya nuna masa jirgin a kife cikin ciyawa, fari mai ratsin shuɗi. Tunanin Malam shi ne ya gyara shi, in salla ta zo ya riƙa zagayawa da masu zuwa buɗe ido. Ban hana shi ba. Mutumin da ya saba fita tun da sassafe, ga shi yanzu ya koma kwance rediyon da ba abin da ya same shi, ai gara ya sami abin yi.

Ranar da babbar mota ta sauke jirgin a ƙofar gidanmu, har masu keke sai da suka tsaya kallo. Gangar jirgin ta fi ƙarfin ƙofarmu, sai aka ajiye ta a gindin darbejiya aka rufe da tampol. Injin kuwa, da sitiyarin, da doguwar baƙar wayar da ke haɗa su, cikin zaure aka shigo da su, don damina ta riga ta kankama.

Surukata, mahaifiyar Malam, Inna muke ce mata. Ɗakinta ne manne da zauren, kuma ita ta zaɓe shi da kanta. Akwai wata 'yar taga can sama a bangon da ya raba su, ta nan take jin duk wanda ya yi sallama, ta amsa masa kafin kowa. Ɗaya tagar, mai kallon tsakar gida, da damina ta faɗi take sa a toshe mata ita da leda da tsohon bargo, saboda sanyi na shiga gwiwoyinta. Ba ta cika fitowa ba sai alwala. Ita da carbinta da kyanwarta.

Da ta ji ana jan ƙarfe a zaure sai ta ɗaga murya ta tagar nan.

"Ɗan nan, me kuka shigo mini da shi?" Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

"Injin jirgin ruwa ne, Inna."

"To madalla. Kogin kuma yaushe motar za ta kawo?"

Malam ya sa aka yanke wani tsohon tanki aka cika shi da ruwa, ya kafa katako a bakinsa, ya ɗaure injin a jiki, ƙafarsa mai farfela tana nutse a ciki. Ya ce injin jirgi ba a tada shi a bushe, ƙonewa yake yi. Sitiyarin kuma ya kafe shi a kan benci. Matsalar da ta fi damunsa ke nan, sitiyarin ya cije. Sai mutum ya sa hannu biyu yana nishi kafin ya motsa.

Ni da farko ban gane yadda abin yake ba. Na ɗauka kamar mota ne, na ce masa ina tayoyin da sitiyarin zai juya? Ya yi dariya har da tari. Ya nuna mini cewa injin ɗin kansa ne ke karkata, dama ko hagu, ya tura bayan jirgi. Cikin baƙar wayar nan akwai wata ta ƙarfe, in an murɗa sitiyari sai ta tura ko ta jawo wata sanda da ke shige da fice a cikin bututu a gaban injin. Tsatsa da tsohon giris da ya daskare su suka riƙe sandar. Ya wanke, ya goge, ya shafa sabo. Amma ba zai iya murɗawa a nan yana kuma duba sandar a can ba, ga yaranmu duk suna makarantar kwana. Sai ni.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan. In na gama abincin rana, an yi azahar, sai ya leƙo tsakar gida ya ce, "Direba, fasinja na jira." In wanke hannu in zo in zauna a benci. "Dama. Tsaya. Dawo hagu a hankali. Kin ji inda ya cije?" In ce na ji. Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa sanin yadda fuskarsa take ba in yana aikinsa sai a lokacin.

To amma ƙofar zaure a bakin hanya take. Da an tada inji mutane za su taru, masu acaɓa su rage gudu suna leƙe. Malam ba zai bar matarsa zaune a gaban sitiyari maza na kallo ba, ni ma ba zan iya ba. Saboda haka da na shigo sai ya tura ƙofar waje ya sa sakata. Ta ciki kuma ya ja ta, don kada ƙara ta cika gida. Inji ya yi ta ruri, ruwan tanki na tafasa da kumfa, mu biyu a ciki. Yakan ce dole sai inji na aiki ake gane lafiyar sitiyari, don girgiza na fito da abin da ya ɓuya.

Ba a daɗe ba Inna ta fara ciwon kai. Ta ce kamar an ɗaure mata goshi da igiya. Sai jiri, sai tashin zuciya. Muka ce zazzaɓin damina ne, aka karɓo magani a kemis. Ta shanye, ba sauƙi. Aka ce taifot ne, aka canza wani. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne ranar da na shiga na same ta zaune a kan darduma tana kallon bango. Ta ce, "'Yar nan, raka'a nawa na yi?" Matar da ke gyara wa jikokinta karatu daga cikin ɗaki ba tare da ta duba takarda ba. Na ce ban sani ba, Inna, ki sake. Ta sake, ta kuma tsayawa a tsakiya.

Ni ma kaina na ciwo a kwanakin, amma da na fito tsakar gida na hura wutar tuwon dare sai ya sake ni. Na ce ƙarar inji ce. Malam ya ce nasa kan na rashin shan shayi ne.

Akwai maƙwabciyarmu, Hajiya, mace mai kirki, ba a ciwo a layinmu ba ta zo da kwano a hannu ba. Ta shigo gaida Inna, ta daɗe tana dubanta, sannan ta jawo ni bayan ɗakin girki.

"Ke, tun yaushe abin nan ya fara?"

Na ce tun da damina ta kankama.

"Tun da aka kawo jirgin nan dai. Faɗi gaskiya." Ta rage murya. "Abin da ya shekara a bakin ruwa a kife, kin san ko su wa suka zauna a ciki? An ɗauko musu gida ba sallama, an kawo shi tudu. Mutanen ruwa ba sa son haka. Ina kyanwar Inna?"

Sai a lokacin na lura. Kyanwar da ba ta rabuwa da ƙafar Inna ta koma kwana a kan buhun gawayi, ko an kai ta ɗakin sai ta fito.

"Kin gani," in ji Hajiya. "Su suna ganin abin da ba ma gani."

Na rasa inda zan sa kaina. Na yi makaranta har sakandare, na kuma san aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya faɗa. Amma ban taɓa jin sun bi injin fetur ba. Na dai ƙara yawan karatu a ɗakin, ina tofa mata a ruwa safe da yamma. Inna kuwa maganar Hajiya ta zauna mata daram. Ta ce dama tana jin kamar an danne mata ƙirji duk lokacin da abin nan ya fara kuka.

Sai Malam ya gaji da tsohuwar wayar sitiyari, ya ce ta lanƙwashe a ciki, ba girisin da zai cece ta. Ya tafi Kaduna neman wata, ya kwana biyu a wurin ƙaninsa ana cigiya. Zaure ya yi tsit. Inna ta miƙe. Ta ci tuwo har da ƙari, ta fito tsakar gida ta zauna tana tsince mini shinkafa, tana yi mini faɗan na cika gishiri. Kyanwa ta koma ɗaki. Na yi hamdala, na ce maganin taifot ne ya kama. Hajiya ta ce a'a, an daina tsokanar su ne suka kwanta.

Da ya dawo na same shi yana kwance ɗaurin sabuwar wayar, na ce, "Malam, ni fa na ga wani abu. In inji na aiki Inna ba lafiya. Da ka yi tafiya ta warke."

Ya ɗago. "Ke ma kin koma makarantar Hajiya?"

"Ban ce aljanu ba ne. Ko hayaƙin ne?"

"Wane hayaƙi? Zo ki gani." Ya kai ni bakin tanki ya nuna mini ƙasan injin. "Salansarsa a cikin ruwa take, ta tsakiyar farfela. Kumfar nan da kike gani shi ne. Ruwa ke shanye shi. Ba janareta ba ne da zai turnuƙe ɗaki. Ɗan wanda ke tasowa ai bai kai na murhunki ba."

Na duba, na ga haka ne, a cikin ruwa take. Mutum ya yi rayuwarsa cikin injuna, ni me na sani? Amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ban san a kan me ta ƙi kwanciya ba.

Washegari ya tada injin na ɗan lokaci da safe, kafin azahar Inna ta koma kwance. Hajiya ta zo da ƙullin magani a bakin zane: habbatus sauda, tazargade, da wasu saiwoyi, da turaren wuta mai kyau. Ta ce hayaƙi za a yi mata, irin wanda aka yi wa yayarta. Inna ta ce a yi. Na ɗebo garwashi jajir a kasko na kai. Hajiya ta barbaɗa maganin, ƙamshi ya tashi, ta gyara bargon da ke tagar tsakar gida ta toshe inda ya ɗage.

"A rufe ƙofa ruf," ta ce. "In ya fita ya tashi a banza. Ki bar ta sai ta yi gumi. Zan dawo bayan la'asar."

Na ja ƙofar. Ina juyowa Malam na leƙowa, fuskarsa cike da murna. "Direba, zo ki ji wani abu."

Ya sa sabuwar waya. Ya tura ƙofar waje, ya sa sakata, ya tada inji. Na kama sitiyari da hannu biyu yadda na saba, sai kawai ya tafi. Da yatsa ɗaya ma juyawa yake. Injin ya karkata dama, ya dawo hagu, sumul, ba cijewa ko kaɗan. Na yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce in kai shi ƙarshe in dawo, in sake, in sake. Yana ɗaure wani noti, yana ƙara wuta, yana ragewa. Mun daɗe a ranar fiye da kullum. Ana yayyafi a waje.

Can na ji kaina ya yi nauyi, sitiyarin ya zama kamar biyu a idona. Malam ya ajiye sifana ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya ce ƙafafunsa ne suka yi sanyi, bari ya huta. Ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa a tsakiyar aiki ba. Ta cikin rurin injin na jiyo ladan na kiran la'asar.

Kullum, ko tana cikin ciwo, da an kira salla Inna za ta buga bango da sandarta ta ce, "Ku kashe abin nan, ana kira." Na saurara. Na ɗaga kai na dubi 'yar tagar. Ba bugu, ba murya.

Ban san yadda na miƙe ba. Na tuna dai na bugi ƙofar ciki da kafaɗa, na tuna ruwan sama a fuskata. Na tura ƙofar ɗakin Inna. Ƙamshi ne ya fara tarbata, ɗakin bai taɓa ƙamshi irin na ranar ba. Tana kwance a gefen darduma, carbi a hannu, ta yi amai. Na kira ta, na girgiza ta. Tana numfashi amma ba ta amsa ba. Na kama ta ta hammata na jawo ta har tsakar gida cikin yayyafin, ina salati da ƙarfi. Ihuna ne ya taso Malam. Ya kashe injin, ya zare sakata yana tangaɗi, ya faɗa titi yana ɗaga wa masu keke napep hannu.

Abin da ya ƙara rikita ni a keken ne. Na rungume ta a baya, ruwa na feso mana ta gefe, mai keke na ta hon. Ba mu yi nisa ba sai na ji ta motsa. Ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Ina ɗankwalina? Haka za ki fito da ni?" Malam daga gaba ya fashe da kuka. Ni kuwa na ce a raina, to wannan wane irin ciwo ne da ke kama mutum a ɗakinsa ya sake shi a titi? Har na fara cewa ko Hajiya ce da gaskiya.

A asibiti wata nas ce ta karɓe mu, mai ɗan shekaru, ba ta da wasa. Ta dubi Inna, ta dubi Malam da ke dafe da bango, ta dube ni.

"Ku ukun duka kanku na ciwo?"

Muka ce eh.

"Janareta kuke kunnawa a cikin gida?"

Na ce wallahi ba mu da shi, namu ya mutu tun bara.

"Gawayi fa? Kun shiga da wuta ɗaki?"

Na ce kaskon hayaƙi ne kawai, na magani. Ta rufe ido ta buɗe. Sannan na ce, "Sai kuma injin jirgin ruwa."

"Injin me?"

"Jirgin ruwa. A zaure."

"Baiwar Allah, daga ina kuke?"

"Tudun Wada."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ƙwala wa wani kira, aka turo tukunyar oksijin aka sa wa Inna abin shaƙa a hanci da baki. Aka kwantar da Malam a gadon kusa aka sa masa shi ma. Ni aka zaunar da ni bakin taga, daga baya aka sa mini.

Likita ne ya yi mana bayani da ya zo zagaye. Ya ce duk abin da ke cin fetur ko gawayi yana fitar da wata guba, ba ta da launi, ba ta da wari, in ta taru a rufaffen wuri sai ta shiga jini ta hana shi ɗaukar abin da jiki ke rayuwa da shi. Ya faɗi sunanta, kabon monoksaid, sai na tuna an taɓa rubuta mana shi a allo a aji, na haddace na ci jarrabawa na manta. Malam ya janye abin hancinsa ya ce, "Amma likita, salansar a cikin ruwa take." Likita ya ce, "Baba, kumfar in ta taso ta fashe, ina take zuwa?" Malam ya mayar da abin hancinsa.

Na yi ta juya maganar a kwanakin da na yi jinyar Inna. Ƙofar da aka rufe don mutuncina. Tagar da ta zaɓa don amsa sallama. Bargon da muka toshe don gwiwoyinta. Kaskon da na ɗauko da hannuna don ta warke. Na duba ɗaya bayan ɗaya ban ga wanda aka yi da mugunta ba, ban ma ga wanda zan ce ba daidai ba ne in shi kaɗai ne. Kuma har yau hankalina bai gama ɗaukar cewa abin da hanci bai ji ba, ido bai gani ba, shi ne ya kusa raba mu da ita, alhali ɗakin na ta ƙamshi.

Hajiya ta zo asibiti da kunun gyaɗa, ta ji bayanin, ta yi ta istigfari tana share ido. Amma da za ta tafi ta raɗa mini cewa duk da haka a yi wa jirgin nan karatu. Aka yi. Inna da kanta ta ce likita ya yi gaskiya, Hajiya ma ta yi gaskiya, ita dai ba za ta koma ɗakin ba sai an fitar mata da baƙon zaure.

Kafin a sallamo ta Malam ya kira magini ya toshe 'yar tagar sama, ya fasa mata babba mai kallon tsakar gida, da raga. Tanki da inji da benci aka fitar da su gindin darbejiya. Sauran gwajin a nan muka ƙarasa shi, a fili, na zumbula dogon hijabi na zauna a gaban sitiyari. Masu keke suka tsaya kamar yadda muka ji tsoro. Wani ya ce mini, "Hajiya, Kongo za ki?" Na yi kamar ban ji ba. Kwana biyu suka gaji suka daina kallo.

Inna ta warke, sai dai takan ɓace a lissafin raka'a jefi-jefi, abin da ba ta yi a da. Likita ya ce yana iya zama gubar, yana iya zama shekaru. Ban sani ba. Nakan shimfiɗa dardumata kusa da tata mu yi tare, in ta tsaya in ɗan ɗaga murya.

Ranar da mota ta zo ɗaukar jirgin zuwa dam, Inna ta sa na fitar mata da kujera ƙofar gida. Malam na gaya mata ba zai bar kowa ya zauna can baya kusa da inji ba in jirgi na tsaye yana ruri, kuma rumfar da zai yi masa ba zai rufe gefenta ba. Ta gyaɗa kai tana jan carbi. Da motar ta sha kwana sai ta juyo gare ni.

"'Yar nan, yanzu da aka toshe tagar, wa zai riƙa amsa sallama?"

Na ce ni zan amsa, Inna.

Ta ce, "Ke da ba kya ji in kina daka. Ki bar mini ƙofata a buɗe."